Jiniya Sau Uku

Zekiye na kan rufin gida tana juya markaɗaɗɗen tumatir a faranti don rana ta shanye ruwansa, sai jiniyar masana'anta ta ɗauka. Ta tsaya da ludayi a hannu. Rabon garin Barutlu da jin kukan jiniyar nan an fi shekara ashirin, tun da aka kwashe aikin ƙera makamai aka mayar bayan dutse, aka bar wa tattabaru tsohon ginin. Kukan ya hau, ya hau, ya sauka. Ta ce a ranta, to, 'yan gidan tarihin da aka yi a tsohon ginin ne, yau suke buɗe abinsu. Ya sake hawa. Da ya ɗauka karo na uku, ba ta san sa'ad da ludayin ya bar hannunta ba, ba ta kuma san yadda ta sauko daga tsani ba. Ita dai ta ga kanta a tsakiyar titi, ɗankwali a hannu.

Duk wanda ya girma a Barutlu ya san yaren jiniya tun kafin ya iya Fatiha. Kuka ɗaya, a shiga aiki ko a tashi. Biyu, a je a ci abinci. Uku kuwa ba a taɓa yin sa don wasa ba: wuta ta kama a sashen albarushi, mata su kwashi yara su nufi dutse, maza su ruga ƙofar masana'anta. Sau ɗaya aka yi shi a rayuwar Zekiye, kuma ran nan babu gidan da gilashin tagarsa bai zube ba.

Ƙofofi suka riƙa buɗewa a layin. Tsofaffi ne kawai ke fitowa, yara na kallonsu ta taga suna mamaki. Sai ga ƙofar da ke fuskantar tata ta bugi bango, Remzi Usta, tsohon gwanin masana'anta, ya faɗo waje da kayan barci. Mutumin da tun bazara bai taka bakin titi ba, wanda sai an riƙe shi yake zuwa banɗaki, wanda gwajin bindigogi ya cinye masa kunnuwa har 'yarsa ta gaji da kiransa a waya, shi ne ya ji jiniya tun daga ƙarshen gari. Gudu yake yi, irin gudun tsofaffi mai ban tausayi, kafaɗa na gaba ƙafa na baya.

"Usta! Remzi Usta, tsaya! Ba komai ba ne, biki suke yi!"

Ina! Ko da kunnensa lafiya lau ba zai ji ta ba. Bakinsa suna ɗaya yake kira, Nedim, ɗansa da ya shiga sashen ɗurin albarushi da safiyar waccan ranar bai fito ba. Zekiye ta tattare siket ta bi shi, ita ma gwiwoyinta na zaginta.

A ƙofar tsohuwar masana'anta an rataya balan-balan, 'yan makaranta sun jeru da tutoci, 'yan badujala na gefe suna gyara baki. Wani babban baƙo daga Ankara yana riƙe da almakashi. Cikin wannan tsaftar tsofaffin Barutlu suka faɗo, suna haki, wata da kwaɓin gari a hannu, wani da kumfar aski a rabin fuska, Makbule ta ƙarshen layi rungume da jikanta da ta fizgo daga shimfiɗa. Mai sanarwa ya dube su, fuskarsa ta washe, ya ja abin magana kusa da baki.

"Jama'a ku duba! Tsofaffin ma'aikatanmu ne suka ji muryar da suka saba, zama ya gagare su a gida! A tafa musu!"

Aka kuwa tafa. Wannan tafin Zekiye ba za ta manta da shi ba har ta koma ga Allah. Remzi Usta ya ratsa 'yan makaranta ya cafki rigar wani matashin mai gadi da hannu biyu.

"Wane sashe ne? Ɗana yana sashen ɗuri. Dogo ne, Nedim. Ya fito?"

Yaron ya yi murmushin da aka koya masa ya ce, "Baba, yau shiga kyauta ne."

Tsohon ya dube shi, ya dubi balan-balan, ya dubi masu tafi. Hannunsa ya saki rigar a hankali, ya sulale ƙasa. Zekiye ta durƙusa ta tallafi kansa, ta ɗaga ido tana neman wanda za ta yi wa ihu ya kira motar asibiti. Can saman ƙofa, a barandar da aka kafa jiniyar, ta hango mutum tsaye hannunsa har yanzu a kan mariƙin. Ta san kwat ɗin, don ita ta raka shi wurin tela. Ɗanta ne, Erdal, mataimakin shugaban gidan tarihi.

A asibiti likita bai ja magana ba. Ya ce zuciya ce, ta yi aikin da ya fi ƙarfinta, in suna so su bar shi, in suna so su kai shi gida ya kwanta a gadonsa. Gulten 'yarsa ta iso daga Bursa, ta zaɓi gida. Gidan tarihi kuwa suka fitar da sanarwa cewa wani dattijo ya suma a wurin biki saboda zafin rana, suna masa fatan sauƙi. Rana ce ta yi laifi. Makbule ta ce saura a kama ranar a kai ta kotu.

Erdal bai leƙo ba sai da unguwa ta gama cin namansa a baki. Zekiye na yanka albasa ta ji motsi a ƙofar kicin, ta juya ta gan shi.

"Ta baya ka shigo."

"Nan ya fi kusa, Inna."

"Tun yaushe baya ta fi kusa? Tun da aka haife ka ta gaba kake shiga gidan nan. Ko ƙofar da ke kallon tawa ce ke cizo?"

Ya zauna a kujera ya sunkuyar da kai. Namiji mai shekara talatin da ɗoriya, da gemu da mata da tumbi, amma ya takure kamar wanda ya fasa tulu.

"Shugaba ne ya ce a yi uku. Ya ce ya fi armashi. Ɗaya don jiya, ɗaya don yau, ɗaya don gobe."

"Shugabanka mutumin Izmir ne, bara ya zo, ko hanyar maƙabarta bai sani ba. Shi ban da magana da shi. Kai a ina aka yanke maka cibiya?"

"Na ɗauka an manta, Inna."

"An manta!" Ta buga wuƙar a kan katako. "Ran nan wa ya goya ka zuwa dutse, jini na zuba a goshinka? Ni. Ka manta? Ranar kaciyarka a cinyar wa ka zauna, wa ya riƙe ka yana rufe maka ido? Remzi Usta. A garin nan wanda ya riƙe ka ranar kaciya ubanka ne na biyu, ko a makarantar taku an ce ƙarya ne? Da shugaban ya ce uku, me ka ce masa?"

Ya kau da kai.

"Na ce me ka ce masa?"

"Ban ce komai ba."

Ta san haka tun kafin ta tambaya, amma jin sa daga bakinsa ya fi zafi. Ta share hannu da tsumma ta tsaya a kansa.

"Tashi ka tsallaka titi. Ka sumbaci hannunsa, ka ce Baffa Remzi ka halatta mini haƙƙinka. Kwanakinsa ba su da yawa."

Wannan kalmar a Barutlu ba ado ba ce. A wasu garuruwan sai za a tafi Hajji ake faɗinta. Nan kuwa ma'aikatan sashen ɗuri kowace safiya suke faɗa wa juna a bakin ƙofa, ka halatta mini, ya halatta, sannan su shiga, don babu wanda ya san ko zai ci abincin rana. Da ita suka tarbiyyantar da 'ya'yansu. Kowa ya san Allah na yafe nasa, amma haƙƙin bawa sai bawa. In Remzi Usta ya rufe ido bai faɗa ba, babu limamin da zai sauke wa Erdal wannan kayan, da shi zai tashi ranar ƙiyama. Abin da ke hana Zekiye barci ke nan, ba surutun unguwa ba.

"Ba zan iya zuwa yanzu ba," in ji Erdal. "An ce kada kowa ya je gidan. In na je na nemi yafiya, na amsa laifi ke nan, kuma ba ni kaɗai na amsa ba, duk gidan tarihin ne. Za a yi bincike. Inna, aikin nan da ƙyar na same shi, kin sani. Ki bari ƙura ta lafa."

"Mala'ikan mutuwa zai jira ƙurarka?"

"Inna..."

"Fita. Ta inda ka shigo."

Washegari ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa ofis, ta nufi gidan tarihi. Ba ta taɓa shiga ba, ko lokacin da ake gyara Erdal na roƙonta ta zo ta gani. To yau ta gani. Zauren da mijinta marigayi ya ƙarar da huhunsa a ciki an shafe shi da farin fenti, an sa fitilu, ƙamshi na tashi. Bindigogi sun jeru a cikin gilashi suna ƙyalli, kowace da sunanta da shekararta, kamar 'yan gata. An tsayar da wani mutum-mutumi da rigar aiki fes, kumatu jajur, yatsu goma cif. Zekiye ta tsaya ta ƙare masa kallo. Ita dai a zamaninta ba ta san ma'aikaci mai yatsu goma da kunne biyu da ya kai ritaya ba.

A doguwar bango aka rubuta tarihin gari shekara bayan shekara, da hotuna. Ga ranar da aka aza harsashin ginin, ga jirgin ƙasa na farko, ga ƙungiyar ƙwallon ma'aikata. Ta bi da yatsa har ta iso shekarar da take nema. Layi ɗaya ne: a wannan shekara aka sabunta sashen ɗuri da injuna na zamani. Ta karanta, ta sake karantawa. Sabuntawa! Haka ake kiran abin yanzu. Ita ta wanke mata biyu daga cikin waɗanda aka sabunta, sauran ba a sami abin wankewa ba.

Shugaban ya tarbe ta da fara'a a ofishinsa. Mutum ne mai tsafta, mai laushin murya, irin waɗanda ba a samun inda za a kama su. Ya sa a kawo shayi, ya ɗauko kwalbar turaren lemo da ake zuba wa baƙo a tafin hannu, ya miƙo. Zekiye ta dunƙule hannuwanta a cinya. Ya tsaya da kwalbar a sama, ya ga babu tafin da zai buɗe, ya mayar.

"Abla," ya ce, wato Yaya, kiran girmamawa na garin, "wallahi abin ya taɓa mu. Yaya jikin dattijon?"

"Rana ta sake shi, sai mutuwa ta kama."

Ya yi gyaran murya. "Ban san ma'anar ukun nan ba. Babu wanda ya gaya mini."

"Da ka karanta bangonka ai da ka sani. Au, na manta, babu shi a bangon."

"Abla, wannan gidan alfahari ne, ba gidan makoki ba. Yara ke zuwa nan. Muna so su fita suna ɗaga kai da garinsu."

"Su ɗaga. Iyayensu ma sun ɗaga kai ran nan, suna kallon rufin sashen ɗuri yana yawo a sama."

Ya juya cokali a shayinsa. Sannan, don Allah ya hore wa wasu mutane rashin jin kunya, ya ce suna tunanin buɗe wani lungu na tsofaffin gwanaye, ko iyalin Remzi Usta za su ba da hotonsa da rigar aikinsa. Zekiye ta danne zagin da ya zo mata baki, don ba wannan ya kawo ta ba.

"Bai mutu ba tukuna, ka bari ya huce kafin ka sa shi a gilashi. Ni abu ɗaya na zo nema. Ka sake mini ɗana ya je ya nemi halaccin ubansa. Ka cire masa takunkumin da ka sa."

Mutumin ya buɗe ido da mamakin gaske, kuma wannan mamakin ne ya kashe ta.

"Takunkumi? Abla, cewa na yi kada kowa ya yi magana da 'yan jarida. Zuwa gaida mara lafiya kuma, wa zai hana? Jiya ma na ce masa ya kai furanni da sunanmu, ya ce mini ba ya jin daɗi."

Ta fito ba ta taɓa shayin ba. Ta so ƙwarai a ce mutumin Izmir ne ya ɗaure mata ɗa, da ta san wanda za ta tsine wa ta huta. Ashe babu igiya. Tsoro ne kawai, tsoron haɗa ido da tsoho, shi ya lulluɓe da maganar bincike ya kawo mata har kicin. Ta hango Erdal ta gilashin wani ofis yana nuna wa 'yan makaranta hoton jirgin ƙasa, ya gan ta, ya juya baya. Ba ta kira shi ba, don da ta buɗe baki a wurin da yaran nan sun koyi kalmomin da ba a koyarwa a makaranta.

Da la'asar ta kai romon kaza gidan Remzi Usta. An jawo gadonsa kusa da taga, Gulten na zaune tana jiƙa masa leɓe da auduga. Ya rame har hancinsa ya fito, amma idon nan a buɗe yake tar, hankalinsa ya dawo. Zekiye ta zauna ta matso da bakinta kusa da kunnensa na hagu, wanda ya ɗan rage.

"Usta, yaya jiki?"

"Jiki ya gama nasa." Ya numfasa. "Zekiye, na ba da kunya ko? Da wandon barci a gaban baƙi."

"Su suka ba da kunya."

"Tafa mini suka yi." Ya yi wata dariya da ta koma tari. Da tarin ya lafa ya ce, "Hannun da ya juya jiniyar ya iya. Ya bar ta ta sauka har ƙasa kafin ya sake ɗauka. Baƙo ba zai san haka ba. Ni na koya wa yaron, a nan tsakar gidan, da injin niƙa kofi."

Gulten ta dubi Zekiye, Zekiye ta dubi ƙasa. Babu wanda ya gaya masa, ashe tun a kwance ya gama lissafinsa.

"Usta, yaro ne, kuskure ya yi. Kunya ce ta hana shi zuwa. Ga ni na zo a madadinsa, ni na haife shi. Ka halatta masa ta bakina, in kai masa."

"Romo ne da za ki kai masa a kwano?"

"Don darajar zaman da muka yi."

"Zekiye." Ya ɗago yatsunsa uku da suka rage a hannun dama. "Nedim da safen nan ya tsaya a ƙofar can ya ce, Baba ka halatta mini. Ina aski, ko juyowa ban yi ba, na ce ya halatta, tafi kada ka makara. Yaron da bai yi mini komai ba ya tsaya ya nema. Wannan kuwa ya sa na sake binne ɗana a gaban masu tafi, sannan ya aiko uwarsa." Ƙirjinsa ya hau ya sauka. "Ba na riƙe shi don mugunta. Kalmar na nan a bakina, na ajiye masa. Ya zo ya tsaya inda kike, ya dube ni. Shi ke nan abin da nake so."

Ta tsallaka titi ta ɗauki waya. Ba ta yi ihu ba wannan karon, kuma rashin ihun ya fi ba Erdal tsoro. Ta gaya masa ta je wurin shugabansa, ta san babu wanda ya hana shi. Ta gaya masa abin da tsohon ya ce, kalma bayan kalma.

Ya ja dogon numfashi a wayar. Can ya ce, "Me zan ce masa, Inna? In ya tambaye ni don me, me zan ce?"

"Ba zai tambaye ka ba. Ka zo yanzu."

"Gobe. Gobe in na tashi aiki. In yi wanka, in shirya abin da zan faɗa. Wallahi zan zo."

"Kalma huɗu ce, Erdal. Jahilan da ba su iya rubuta sunansu ba kullum suke faɗinta a tsaye, da burodi a baki."

"Gobe, Inna. Na rantse."

Ta ajiye wayar. Ta yi tunanin ta hau mota ta je ta jawo shi da kunne, kamar yadda take yi yana ƙarami. Amma tsohon cewa ya yi ya zo, bai ce a kawo shi ba.

Gari ya waye Remzi Usta ba ya magana. Mata suka taru, Makbule ta buɗe Yasin, Gulten ta riƙe hannunsa. Duk sanda ƙofa ta motsa sai idonsa ya tafi can, ya ga mai shigowa, ya dawo. Mai kawo burodi ya shigo, idon ya je ya dawo. Liman ya shigo, ya je ya dawo. Zekiye na tsaye a bakin taga tana kallon kan layi har idonta ya yi ruwa. Ta sake kiran Erdal a waya, aka ce yana zagayawa da baƙi. Bayan azahar kaɗan idon ya tafi ƙofa bai dawo ba. Gulten ce ta sa hannu ta rufe shi.

Zekiye ba ta yi kuka ba. Fushi ya tsaya mata a ƙirji ya tare hanyar hawaye. Ta shiga kicin ɗin mamacin ta ɗora tukunya, ta zuba man shanu da gari ta fara soya halwa, alawar da ake rabawa a makoki, tana juyawa da ƙarfin da ya fi na aikin. Gobe a masallaci liman zai tambayi jama'a ko sun halatta wa Remzi Usta haƙƙinsu, kowa zai amsa da ƙarfi, ya halatta. Wannan mai sauƙi ne, mai rai ke yafe wa matacce. Ɗaya hanyar, ta matacce ya yafe wa mai rai, ita ce aka rufe yau bayan azahar, kuma ɗanta na wancan gefen.

Gulten ta ɗauko takalman ubanta na zuwa Juma'a, baƙaƙe, ta goge su da gefen zanenta, ta kai bakin ƙofar gida ta ajiye a kan dakali, bakinsu na kallon titi. Haka ake yi a garin: in mutum ya rasu a fitar da takalmansa, mai wucewa ya san gidan ya yi rashi, mabuƙaci kuma ya ɗauka ba tare da ya roƙa ba.

Rana ta yi sanyi sa'ad da Erdal ya shigo layin. Ta gaba ya biyo. Ya yi aski, ya sa farar riga, yana riƙe da ledar 'ya'yan itacen pear irin masu laushi da tsohon ke iya ci, leɓensa na motsi yana maimaita abin da ya shirya. Zekiye ta gan shi ta tagar kicin, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu. Ya ɗago kai zai yi mata magana, sai idonsa ya sauka kan dakali.

Ya tsaya cak.

"Inna, na zo."

"Na gani."

"Na ce zan zo, ga shi na zo. Na tashi aiki ke nan, ko gida ban..."

"Ya jira ka," in ji ta. "Har ya tafi ƙofa yake kallo."

"To yanzu wa zan gaya wa?"

Ta so ta rungume shi, ta kuma so ta kwaɗa masa muciyar, duka biyun da gaske. Ba ta yi ko ɗaya ba. Halwarta na kan wuta, ta juya ta koma ciki.

Da ta sake leƙowa ta taga yana nan. Ya durƙusa a gaban dakalin, ledar a ƙasa, ya dafa gwiwoyinsa yana kallon takalman. Can tsallaken titi wani tsoho mai tura kurar gwangwani ya tsaya a inuwar bango. Ya ga takalman, ya ga mutumin da ke gabansu, sai ya jingina kurarsa ya juya fuska gefe, yana jira a tashi.